Idan Abokin Wasanka Ya Yi Maganar Da Ke Da Fuska Biyu

 Kamar kullum, ga rubutun shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurara ba. Daga nan Ƙauyen Alu nake magana, idan kun ji ƙarar janareta a bayan murya to ku yi haƙuri, an ɗauke wuta tun la'asar.

Yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba. Hirar karta za mu yi. Na san wasu har sun yamutsa fuska, to ku dakata tukuna. Wasan da nake nufi sunansa birij. Ba gadar Dangi nake nufi ba, wasa ne na mutum 4, bibbiyu, kowa da abokinsa yana zaune suna fuskantar juna. Kuma dalilin da ya sa na kawo shi, wannan wasan ya taɓa sa ni da aminina muka yi sati 2 ba ma gaisawa, a kan magana ɗaya tak da ya yi ni kuma na fassara ta yadda na ga dama.

Bari in fara share hanya. A garin nan da an ce karta, abin da ke zuwa zuciya caca ce, kuma da gaskiyar mutane, don caca ta rusa gidaje. Mu ba ma sa ko sisi. A gasa ma tsarin daban yake: hannun da aka raba maka shi ne za a kai wa wasu a wani teburi, sannan a gwada wa ya fi iya sarrafa shi, ka ga an rage wa sa'a ƙarfi kenan. Shi ya sa Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da hukumar wasan a 1999, kuma a gasar ƙasashen Asiya ta 2018 a Jakarta an buga shi, har wani attajirin Indonesiya, Michael Bambang Hartono, ya ci tagulla yana da shekara 78. Hukuncin wasan karta a addini kuwa na malamai ne, ni ba zan shiga gonarsu ba.

Ni na koye shi a 2020, lokacin da kullen korona ya haɗu da yajin aikin malaman jami'a na wata 9. Zaman gida ya ishe mu, Whot ya gundure mu. Sai muka ci karo da shafin Bridge Base Online a waya, ni a nan, abokina a Gyadi-Gyadi, muka fara lalube.

Ga yadda wasan yake a gajarce. Karta 52 ce, kowa 13. Gidaje 4 ne: kulob, baƙi mai ganye uku, dayamon, ja, hat, ja mai siffar zuciya, sai sifed, baƙi kamar kan mashi. Darajarsu a jere take kamar yadda na faɗa, kulob ne ƙasa, sifed ne sama, sannan a samansu akwai NT, wato a buga ba tare da wani gida ya mulki sauran ba. Kowane zagaye kowa ya ajiye karta ɗaya, mai babba ya kwashe, zagaye 13 kenan. Amma kafin a ajiye ko ɗaya sai an yi gwanjo. Kowa zai yi tayi: ni da abokina za mu ci zagaye kaza. Ana ƙara 6 a kan lambar da ka faɗa. Idan ka ce 1 hat, ka yi alƙawarin zagaye 7 da hat a matsayin gida mai iko. Idan ka ce 6 NT, zagaye 12 ka ɗauka. Tsarin lissafin da ake bi yau Harold Vanderbilt, Ba'amurke, ya tsara shi a 1925 yana cikin jirgin ruwa.

To ga inda daɗin yake. Ba ka ganin hannun abokinka, ba kuma a yarda ku yi hira ba. Abin da aka ba ku shi ne tayi 35, sai kalmomi 3: na wuce, na ninka, na sake ninkawa. Kalma 38 ke nan duka harshen. Da su za ka gaya masa ƙarfinka, da gidan da ka fi yawa, da inda kake tsoro. Kalmomi sun yi kaɗan, abin faɗa ya yi yawa, dole kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana fiye da ɗaya. Kamar dai “albarka” a bakin ɗan kasuwa. Idan ka taya kaya a Sabon Gari ya ce albarka, ba addu'a ya yi maka ba, cewa ya yi ƙara kuɗi. Baƙon da bai san wannan ba sai ya ce amin ya miƙa hannu.

Ana auna ƙarfin hannu da maki: As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1. Duka kartar maki 40. Idan ku biyu kuna da kamar 25 za ku iya neman zagaye 9 a NT. Idan kuna da 33 za ku iya neman 12, wanda ake kira silam, mai babban lada. Me ya sa 33? Saboda idan kuna da 33, abin da ya rage wa abokan hamayya 7 ne, ba zai yiwu su riƙe As biyu ba, tunda As biyu maki 8 ne. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Sai kuma yarjejeniyoyi, waɗanda mutane suka ƙirƙira don faɗaɗa harshen. Biyu kawai za mu buƙata yau. Ta farko ana kiranta Stayman, da sunan Sam Stayman da ya wallafa ta a 1945. Idan na buɗe da 1 NT, abokina ya ce 2 kulob, ba kulob yake nufi ba sam. Tambaya ce: kana da hat 4 ko sifed 4? Ta biyu ita ce ta Easley Blackwood, daga 1933. A can 4 NT tambaya ce: As nawa gare ka? Ka ce 5 kulob idan babu ko kuma duka 4, 5 dayamon idan 1, 5 hat idan 2, 5 sifed idan 3. Amma ita 4 NT ɗin nan tana da wata fuskar. Wani lokaci gayyata ce kawai: idan kana saman ƙarfinka mu tafi 6, idan kana ƙasa ka tsaya a nan. Kalma ɗaya, ɗaya ta ce dole ka amsa, ɗaya ta ce kana iya yin shiru.

Yanzu ga hannun da ya haɗa mu faɗa. Ni ina da Sarki da 7 a sifed. As, Sarauniya, 8 da 4 a hat. Sarki, Jak da 6 a dayamon. Sarauniya, 9, 5 da 2 a kulob. Ku ƙirga, maki 15. Mun yarda 1 NT na nufin 15 zuwa 17, sai na buɗe da ita. Abokina ya ce 2 kulob. Na ce 2 hat, ina da hat 4. Sai kawai ya yi tsalle: 4 NT.

Wallahi ban yi tunanin daƙiƙa 5 ba. A raina na ce ai hat ɗina ya yi masa, As yake tambaya. Ina da 1, na danna 5 dayamon. Shi kuma can a Gyadi-Gyadi ya ga ban tsaya ba, sai ya ce to ya karɓi gayyata, yana da 17, har yana nuna mini dayamon. Ya danna 6 NT. Da ya shimfiɗa hannunsa sai na ga As, Sarauniya, Jak da 4 a sifed; Sarki da 5 a hat; Sarauniya, 8 da 3 a dayamon; Sarki, Jak, 10 da 4 a kulob. Maki 16. Jimillarmu 31. As ɗin dayamon da na kulob duk suna waje. Babu dabarar da za ta hana su cin zagaye 2. Muka faɗi da ɗaya. Da na tsaya a 4 NT, zagaye 11 za mu ci mu samu 460. Maimakon haka aka cire mana 50.

Wasa ne fa, ba kuɗi ba komai. Amma na kira shi a waya na ce ai kowa ya san 4 NT Blackwood ce. Ya ce “kowa” ɗin nan su wane ne? Na ce ya ɓata wasa. Ya ce ni ba na sauraro, ba yau na fara ba. Kun ji inda maganar ta bar karta ta shiga wani wuri. Mutumin da muka yi firamare tare, sati 2 ko sallama.

Da zuciya ta huce na zauna na bi hannun daki-daki, sai na ga shi ne da gaskiya. Bari in ba ku tambayoyin da ya kamata in yi wa kaina kafin in danna, domin su ne ainihin darasin.

Ta farko: mun taɓa yin magana a kan wannan jerin? Amsa, a'a. Mun koyi Stayman daban, mun koyi Blackwood daban, ba mu taɓa tambayar me zai faru idan suka haɗu ba. Da na amsa wa kaina wannan da gaskiya, da na san cewa hasashe nake yi, ba karatu ba. Mai hasashe kuwa ya kamata ya taka a hankali.

Ta biyu: mun amince da gida? Blackwood tana aiki ne idan an riga an san a wane gida za a buga, saura a tabbatar ba a rasa As biyu ba. Ni na ambaci hat, amma amsar tambaya na bayar. Shi bai taɓa cewa hat ya yi masa ba. Mai tambayar Stayman zai iya zama sifed yake nema, kuma haka ne, sifed 4 gare shi, hat 2 kacal. Ni ne na ɗaura auren da ba a yi baiko ba.

Ta uku: idan wancan yake nufi, yana da wata hanyar faɗa? Wannan tambayar ita ce ta fi amfani. Idan hat ya yi masa kuma yana son silam, akwai hanyoyi a ƙasa da 4 NT da masu wasa ke warewa don haka, akwai ma yarjejeniyar John Gerber ta 1938 inda 4 kulob ke tambayar As bayan an buɗe da NT. Amma mutumin da ke da maki 16, da sifed 4, bai samu dacewa ba, yana son ya ce mu je 6 idan kana da 17, wace kalma ta rage masa? Babu sai 4 NT. Idan ma'ana ɗaya tana da ƙofa biyu, ɗaya kuma ba ta da ko ɗaya sai wannan, to kalmar ta mai ƙofa ɗaya ce. Shi ya sa a wajen yawancin gwanaye wannan jerin gayyata ce.

Ta huɗu: me bai sani ba game da hannuna? Na riga na ce 15 zuwa 17, na ce hat 4. Abin da ya rage masa shi ne a ina nake tsakanin 15 da 17. Ku tuna lissafin 33. Nasa 16 da 17 sun kai. Nasa 16 da 15 ba su kai ba. Tambayarsa ta zauna daidai a kan abin da bai sani ba.

Ta biyar, idan har yanzu kana shakka: wane kuskure ne ya fi arha? Masu wasa suna da ƙa'idoji biyu da suke yawan faɗa. Ɗaya ta ce abin da ba a tattauna ba a ɗauke shi a zahirinsa. Ɗaya ta ce idan ba ka gane tayi ba kada ka wuce, don kada ka bar abokinka a daji. A hannuna sun yi karo, don haka dole in auna. Idan As yake tambaya na yi shiru, za mu buga 4 NT da maki da yawa, galibi za mu ci, abin da za mu rasa ladan silam ne. Idan gayyata ce na amsa, na yi masa ƙarya cewa ina da 17, mun haura inda ba za mu iya ba. Da mafi ƙarancin hannu irin nawa, shiru ne ya fi. Da 17 gare ni da matsalar ta yi sauƙi, tunda kowace fassara gaba za ta kai mu.

Wani zai ce, to me ya hana ka duba fuskarsa? Ai Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. To a wannan wasan haramun ne a tambayi fuska. Doka ta 16 a dokokin gasa ta ce duk abin da ka samu daga jinkirin abokinka, ko muryarsa, ko motsinsa, ba ka da ikon amfani da shi. Idan ya yi dogon tunani kafin ya yi tayi, kuma tunanin ya nuna maka wata hanya, sai ma ka guje ta matuƙar akwai wata hanyar mai ma'ana. Doka ta 40 kuma ta ce yarjejeniyarku ba sirri ba ce. Kuna rubuta ta a takarda, abokan hamayya su karanta. Suna da ikon tambayarka me tayin abokinka ke nufi, kuma dole ka faɗi abin da kuka yarda a kai. Idan ba ku tattauna ba, ka ce ba mu tattauna ba. Wannan shi ne bambancinsa da zaurance. Zaurance ana yin sa don na gefe kada ya gane. Nan kuwa na gefe yana da haƙƙin ya gane duk abin da kuka gane.

Kuma an sha kama masu neman hanyar baya. A gasar duniya ta 1965 a Buenos Aires ta Ajantina an zargi 'yan Ingila biyu, Terence Reese da Boris Schapiro, da nuna wa juna yawan hat ta hanyar yatsun da suke riƙe karta da su. Hukumar duniya ta same su da laifi, binciken da aka yi a Ingila kuma ya wanke su, har yau ana gardama. A 1975 a Bermuda aka ga wasu 'yan Italiya biyu suna taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin teburi, sai da aka sa shinge a ƙasa. A 2015 wani ɗan Norway, Boye Brogeland, ya fallasa manyan 'yan wasa, abin ya girgiza duniyar wasan. Shi ya sa a manyan gasa yau akwai allo da ke raba ka da abokinka, ba ka ganinsa, tayin ma ba da baki ake yi ba, kati ake ɗagawa daga akwati.

Faɗanmu ma ashe ƙarami ne. A ranar 29 ga Satumba 1929 a birnin Kansas na Amurka, wani mai suna John Bennett da matarsa Myrtle suna wasa da maƙwabtansu. Ya kasa cika 4 sifed, ta caccake shi, ya mare ta, ta ɗauko bindiga ta harbe shi. A 1931 kotu ta sallame ta. Da na karanta wannan sai na ce a'uzu billahi, na ɗauki waya.

Ban ce masa “mu manta” ba, don idan mun manta gobe za mu maimaita. Na hau adaidaita na same shi a gida, na ce kai ne da gaskiya, ga dalili. Shi ma ya ce ya san ba mu taɓa tattauna jerin ba, bai kamata ya jefa ni a ciki ba, kuma da na ce 5 dayamon ya kamata ya yi zargin akwai matsala. Wannan ma darasi ne ga mai magana: idan kana da tayi biyu, ɗaya mai kyau amma abokinka zai iya ruɗewa, ɗaya mai sauƙi da ba zai ɓata ba, ɗauki mai sauƙin. Muka sayi littafin rubutu mai shafi 40 muka fara rubutawa. Layin farko: bayan 1 NT da Stayman, 4 NT gayyata ce. Duk ranar da muka yi saɓani, ba ma magana a kan teburi. Sai an tashi, an sha shayi, sannan a ƙara layi. Littafin ya kusa cika.

Yanzu mukan shimfiɗa tabarma bayan isha'i mu koya wa ƙannenmu na unguwa, waɗanda da Whot da ludo kawai suka sani. Abin da na lura, lissafin ba ya ba su wahala. Abin da ke ba su wahala shi ne su yarda cewa abokinsu ba ya cikin kansu. Yaro zai ce ai ya kamata ya gane. Ni ma haka na ce. Kuma ku duba, mu nawa ne muka haɗa jari da aboki a kan “za mu raba riba”, ba a ce kashi nawa ba, ba a ce wa zai ɗauki asara ba? Mu nawa aka ce mana “zan duba” muka tafi gida muna murna an amince? Ba mu ji ƙarya ba, mun ji abin da muke so ne. Tambayoyin nan 5 suna aiki a can ma, da ƙarin rangwame ɗaya: a rayuwa babu dokar da ta hana ka cewa “ɗan'uwa, me kake nufi?”

Kada kuma wani ya ce wasan Turawa ne. Omar Sharif, ɗan fim ɗin Masar, ya kasance cikin fitattun masu buga shi a zamaninsa, kuma a gasar duniya ta 2007 a Shanghai Afirka ta Kudu ta fitar da Italiya ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Abin da ake buƙata kwalin karta ɗaya ne da mutum 4 masu haƙuri.

Ga aikin gida. Wanda ke hannun damanka ya buɗe da 1 sifed, ka wuce, na hagunka ya ce 4 sifed, sai abokinka ya ce “na ninka”. Cewa yake za mu kayar da su, ka yi shiru? Ko cewa yake ina da sauran gidajen, ka zaɓi ɗaya? Ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ku rubuto mana amsarku da dalilinku a ƙasa, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Wanda bai taɓa riƙe kartar ba ma ya gwada.

 Allah Ya bar zumunci, Ya raba mu da saurin fassara. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.